Tarihin C. V. Raman, Akawun Baitulmali da Ya Gano Sabon Haske

Masu karatu, wataƙila wasunku sun taɓa ganin ma'aikatan hukumar NAFDAC, a talabijin ko a kasuwar magani, suna riƙe da wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. Sunanta TruScan, kuma a wajen shekarar 2010 ne hukumar ta fara aiki da ita. Sai a ɗora bakinta a kan ƙwayar magani, ko da tana cikin ledarta, kafin wani lokaci kaɗan ta nuna ko maganin na gaske ne ko jabu. Ba a fasa ƙwayar, ba a jiƙa ta, haske kawai ake aika mata a duba abin da ya dawo. Wannan hali na haske da na'urar ke aiki da shi wani Ba'indiye ne ya gano shi a shekarar 1928, da kayan aikin da kuɗinsu bai wuce 'yan ɗaruruwan rupi ba. Sunansa Chandrasekhara Venkata Raman, amma duniya ta fi saninsa da C. V. Raman, kuma tarihinsa ne muka kawo muku a wannan makon.

An haife shi ranar 7 ga watan Nuwamba, 1888, kusa da garin Tiruchirappalli a kudancin Indiya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya takwas. Iyayensa Tamil ne, mabiya addinin Hindu, daga zuriyar Brahmin. Mahaifinsa malamin lissafi da kimiyya ne, mai son kiɗan goge irin na Turawa, gidansu kuma cike yake da littattafai. Yana ɗan shekara huɗu suka koma Visakhapatnam a bakin teku, inda mahaifin ya sami aikin koyarwa a kwaleji. A can aka sa yaron a makarantar St. Aloysius ta 'yan mishan Katolika. Ya gama sakandare yana da shekara 11, ya shiga Kwalejin Presidency ta Madaras yana ɗan ƙanƙani har ana ba da labari cewa wani malami ya ɗauka ɓatan hanya ya yi ya shigo aji. A 1904 ya karɓi digirinsa na farko, ya zo na ɗaya. A 1906, yana ɗalibi mai shekara 18, mujallar Philosophical Magazine ta Landan ta buga bincikensa na farko a kan haske, alhali babu wani malami da ya duba masa.

Malamansa sun so ya tafi Ingila ƙaro ilimi, domin a wancan zamani duk Ba'indiyen da ke son zama masanin kimiyya can yake zuwa. Sai likitan gwamnati na Madaras ya gwada shi, ya ga ramammen yaro ne, ya yanke cewa sanyin Ingila zai iya halaka shi. Shi ke nan tafiya ta fasu. Aikin bincike kuwa babu shi a Indiya ga ɗan ƙasa, saboda haka ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar kuɗi, ya zo na ɗaya, aka tura shi Kalkata a 1907 a matsayin mataimakin babban akawu. A shekarar ce kuma ya auri Lokasundari, yarinyar da ya fara gani tana kaɗa molon Indiya da ake kira bina. Shi ya zaɓe ta da kansa, abin da ba a saba da shi ba a gidaje irin nasu.

To, da a ce abin ya tafi yadda aka tsara, da Raman ya tsufa a ofis yana duba littattafan kuɗin gwamnati, ya yi ritaya da fansho mai kauri. Amma wata rana yana cikin jirgin cikin gari a hanyarsa tsakanin gida da ofis, sai ya hango wani allo a gida mai lamba 210 a titin Bowbazar, an rubuta sunan Ƙungiyar Raya Kimiyya ta Indiya. Wani likita mai suna Mahendralal Sircar ne ya kafa ta a 1876 da kuɗin taimakon jama'a, da burin 'yan ƙasa su riƙa yin bincike da kansu. Ya rasu a 1904 bai ga cikar burin ba, ɗakunan gwaji sun yi ƙura, sai laccoci kawai ake yi jefi-jefi. Raman ya sauka ya buga ƙofa. Ɗan marigayin, Amrita Lal Sircar, shi ke riƙe da wurin, da ya ji abin da saurayin ke nema sai ya buɗe masa ɗakunan, ya ba shi izinin shiga duk lokacin da ya ga dama.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu har tsawon shekara goma. Da asuba yana ɗakin gwaji, da hantsi ya koma gida ya yi wanka ya tafi ofis, da la'asar ya sake dawowa ya yi aiki har dare, ranar Lahadi ma yana can. An taɓa yi masa canjin wurin aiki zuwa Rangun a ƙasar Bama, sannan Nagpur, ya mai da gidansa ɗakin gwaji har aka dawo da shi Kalkata a 1911. Mai taimaka masa a duk wannan lokaci wani ma'aikacin ƙungiyar ne, Ashutosh Dey, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, amma ya ƙware har sunansa ya fito tare da na Raman a wasu takardun bincike.

Abin da ya fi jan hankalinsa a waɗannan shekaru shi ne sauti. Ya yi nazarin yadda tsirkiyar goge ke rawa in an goga mata baka, har ya ƙera wata na'ura mai goga gogen da kanta don ya auna. Ya kuma binciki gangunan ƙasarsu, tabla da miridangam, waɗanda masu kallon fina-finan Indiya sun san muryarsu. Masana Turai sun ɗauka ganga ba ta iya ba da sauti mai daidaitaccen amo kamar na tsirkiya. Raman ya nuna cewa baƙin danƙon nan da makaɗan Indiya ke liƙawa a tsakiyar fatar shi ke daidaita amon, wato kakanninsu sun warware matsalar da hannu tun kafin a rubuta lissafinta. Duk wanda ya taɓa ganin mai kotso yana gyara danƙon da ke kan fatar kotsonsa zai gane zancen. Ana ma ba da labari cewa shi da matarsa sun yawaita zuwa majami'ar St. John ta Kalkata, ita don waƙoƙin, shi don jin yadda ginin ke mai da sauti, har wasu suka fara raɗe-raɗin sun zama Kirista. Ba su zama ba. Raman bai cika maganar addini ba har ƙarshen ransa.

Shugaban Jami'ar Kalkata, Ashutosh Mukherjee, ya ba shi kujerar farfesan kimiyyar fiziks, wadda ya hau a 1917. Albashin kusan rabin abin da yake samu ne a baitulmali, kuma akwai sharaɗin cewa mai kujerar sai ya yi karatu a ƙasar waje. Raman ya ƙi sharaɗin, aka janye shi, ya ajiye aikin gwamnati ya karɓi rabin albashi. Abokan aikinsa da yawa sun ga wauta ce.

Sai a 1921 ya fara taka ƙasar Ingila, wakilin jami'arsa a wani taro a Oksford. Ko a nan bai zauna haka ba, ya hau saman babbar majami'ar St. Paul ta Landan, inda in mutum ya yi raɗa a jikin bango ake jinsa a ɗaya gefen, ya yi gwaje-gwaje ya buga sakamakon. Amma a hanyar teku ne abin da ya juya rayuwarsa ya same shi. Shuɗin Bahar Rum ya ɗauke masa hankali. Babban masanin Ingila Lord Rayleigh, wanda ya bayyana dalilin da ya sa sama take shuɗiya, ya riga ya ce shuɗin teku hoton sama ne kawai a kan ruwa, kamar a madubi. Raman bai gamsu ba. A kan jirgin ruwan Narkunda da ya dawo da shi gida, ya ciro wani ɗan gilashi daga aljihunsa wanda ke iya toshe hasken da ya faɗo daga sama ya yi tsalle a fuskar ruwa. Da ya duba ta cikinsa, maimakon shuɗin ya ɓace sai ya ƙara tsananta. Ashe daga cikin ruwan launin yake fitowa. Jirgin na isa Bombai ya aika wa mujallar Nature wasiƙa, yana cewa ƙwayoyin ruwan ne da kansu ke watsa hasken rana. Masanan yau sun ƙara da cewa ruwa yana shanye jan haske, wannan ma babban dalili ne na shuɗin. Duk da haka tambayar da ya ɗauko daga tekun, wato me ke faruwa in haske ya ratsa ruwa, ita ce ya sa ɗalibansa a kai shekara bakwai.

Ga yadda suke gwajin. Sukan tara hasken rana da gilashin madubin hangen nesa, su bi da shi ta wani gilashi mai launi wanda ba ya barin komai ya wuce sai shuɗi mai shunayya, sannan hasken ya shiga kwalbar ruwan da ake gwadawa. Mai dubawa yana zaune a cikin ɗaki mai duhu, yana kallon kwalbar daga gefe ta wani gilashin kore wanda ke toshe shuɗin gaba ɗaya. A ƙa'ida bai kamata ya ga komai ba, tun da shuɗi kaɗai aka shigar. Amma tun 1923 ɗalibinsa K. R. Ramanathan ya riƙa ganin wani ɗan dishi-dishin haske. Suka ce datti ne a ruwan. Aka tace, aka sake tacewa, hasken bai tafi ba. Wani ɗalibin, K. S. Krishnan, ya gwada ruwaye fiye da sittin, yana ganin abin a cikinsu. Shekara biyar suna kallonsa ba su san sunansa ba.

A ƙarshen 1927 labari ya zo cewa an ba Arthur Compton na Amurka kyautar Nobel, saboda ya nuna cewa hasken eksire yana canza tsawon zangonsa in ya yi karo da ƙwayoyin lantarki. Raman ya ga cewa in haka ne ga eksire, to hasken da ido ke gani ma zai iya yin haka. A watan Fabrairun 1928 shi da Krishnan suka duƙufa dare da rana. Ranar 28 ga watan, suka yi amfani da fitilar zaiba wadda ke ba da launuka tsantsa, suka duba da 'yar na'urar aljihu mai warware haske kamar bakan gizo. Ban da layin launin da suka shigar, sai ga wani sabon layi a gefe, da duhu a tsakaninsu. Haske ya shiga ruwa da launi ɗaya, wani ɓangarensa ya fito da wani launi dabam.

Bari mu ɗan tsaya a kan ma'anar wannan, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Kowane abu, ruwa ne ko gishiri ko magani, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin sinadari, kuma gaɓoɓin kowace ƙwaya suna karkarwa a kan nasu ma'auni, kamar yadda kalangu da ganga da kotso kowanne ke da muryarsa. Haske shi ma ƙwaya-ƙwaya yake zuwa. In ya faɗa a kan abu, kusan dukan ƙwayoyinsa suna komawa yadda suka zo. Amma kamar ɗaya cikin miliyan goma takan bar wa ƙwayar sinadarin ɗan ƙarfinta, ta sa ta karkarwa, ita kuma ta fito da ragin ƙarfi, ragin ƙarfi kuwa a wurin haske canjin launi ne. Yawan canjin ya dogara ga irin ƙwayar da aka taɓa. Saboda haka layukan da ke fitowa tamkar dangwalen babban yatsa ne, na kwinin dabam, na alli dabam, na garin rogo dabam. Abin da na'urar NAFDAC ke karantawa ke nan.

Raman ya san darajar abin da ya samu, ya kuma san ba shi kaɗai ke nema ba. Washegari labarin ya fito a jarida. Ranar 16 ga Maris ya yi lacca a kai a Bangalo, ya buga ta cikin gaggawa, ya aika wa masana a ƙasashen duniya. Gaggawar ta yi masa rana, domin a birnin Mosko wasu Rashawa biyu, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam, sun ga abu iri ɗaya a cikin dutsen kwaz ranar 21 ga Fabrairu, mako ɗaya kafin ranar Raman, amma suka tsaya tabbatarwa, takardarsu ba ta fito ba sai tsakiyar shekara. Masana a Jamus da Amurka sun maimaita gwajin Kalkata, aka kuma raɗa wa abin sunan Raman. Rashawa sun daɗe suna jin zafin wannan, har suka riƙa kiransa da wani suna nasu. Wani ɗan Ostiriya ma, Adolf Smekal, ya hango yiwuwar abin ta hanyar lissafi tun 1923.

Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir a 1929. A 1930 ya tabbata a ransa cewa kyautar Nobel tasa ce, har ya yanki tikitin jirgin ruwa na mutum biyu tun watan Yuli, alhali sai Nuwamba ake sanarwa. Aka kuwa ba shi, shi kaɗai. Shi ne mutumin Asiya na farko da ya sami kyautar a fannin kimiyya, kuma duk karatunsa a gida ya yi. A birnin Istokholm ya fito da rawaninsa cikin jerin Turawa, ya ƙi taɓa giyar liyafa domin ba ya sha. Ya faɗa daga baya cewa hawaye sun zubo masa a wurin bikin, da ya ga tutar Ingila ce a kansa, ƙasarsa ba ta da tata.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa. Krishnan ne ya yi yawancin zaman duhu yana dubawa, littafin da yake rubuta aikin kowace rana ya nuna haka, kuma sunansa na kan takardun farko tare da na maigidansa. Raman ya ambace shi a laccar Nobel, amma babu wanda ya gabatar da sunansa don kyautar. Krishnan bai yi ƙorafi a fili ba, ya ci gaba har ya zama shugaban farko na babban ɗakin binciken fiziks na ƙasa a Delhi. Sai dai tsakaninsu ya yi sanyi daga baya, kuma a ganina Raman bai kyauta ba da ya riƙa rage rabon almajirinsa a shekarun tsufansa.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, rabin rayuwar Raman na biyu kuwa ya nuna haka ƙarara. Mutum ne mai kaifin baki da ji da kai, ba ya haƙuri da wanda yake ganin bai kai shi ba. Ya bar Kalkata cikin rigima da wasu manyan masanan garin, ciki har da Meghnad Saha. A 1933 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Indiya a Bangalo. Yana da niyya mai kyau, ya so ya jawo masanan da Hitila ya kora daga Jamus, har ya kawo Max Born ya zauna wata shida. Amma ya karkatar da kuɗi zuwa sashensa na fiziks, ya ɓata da manyan malamai da 'yan majalisar cibiyar, aka kafa kwamitin bincike a 1936, a 1937 aka tilasta masa sauka, ya koma farfesa kawai.

Haka kuma batun mata. A 1933 wata yarinya mai suna Kamala Bhagvat, wadda ta yi fice a Jami'ar Bombai, ta nemi shiga cibiyar, ya hana ta don kawai mace ce. Ta zauna a ƙofar ofishinsa ta ƙi tashi, sai ya karɓe ta a kan gwaji da sharuɗɗa masu wulaƙanci. Ta yi aiki mai kyau har ya buɗe wa mata ƙofa daga baya, ita kuma ta tafi Kambirij ta sami digirin dakta a 1939, amma ba ta taɓa mantawa ba. Wata ɗalibarsa, Anna Mani, 'yar tsofaffin iyalan Kirista na Kerala, ta buga takardu biyar a kan daimon da yaƙutu a ƙarƙashinsa, Jami'ar Madaras ta hana ta digirin dakta bisa hujjar ba ta da digiri na biyu. Ta koma fannin nazarin yanayi, ta zama mataimakiyar babban daraktan hukumar yanayi ta Indiya.

Mafi tsadar taurin kansa a kimiyya shi ne jayayyarsa da Max Born, tsohon baƙonsa, a kan yadda ƙwayoyin daimon ke karkarwa. Raman ya tara ɗaruruwan daimon yana nazari, ya fito da nasa bayanin, ya dage a kai fiye da shekara ashirin, ya sa ɗalibansa kare shi. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna Born ne ke da gaskiya. Bai taɓa janyewa ba. Duk da haka daga hannunsa manyan mutane suka fito, irin su Vikram Sarabhai wanda ya kafa shirin sararin samaniya na Indiya. Ɗan wansa kuma, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya sami tasa kyautar Nobel a 1983.

Da ya yi ritaya a 1948 ya kafa tasa cibiyar a Bangalo, a filin da Sarkin Maisur ya bayar, ya ƙi dogara ga kuɗin gwamnati don kada a juya shi. Gwamnatin ta ba shi babbar lambar ƙasa, Bharat Ratna, a 1954, amma bai daina sukar yadda take tafiyar da kimiyya ba. A 1961 aka sa shi cikin majalisar masana kimiyya ta fadar Paparoma. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su kusan shi kaɗai, yana nazarin launin furanni da yadda ido ke gani, yana zagayawa da 'yan makaranta cikin ɗakin duwatsunsa masu ƙyalli. A ƙarshen Oktoban 1970 ciwon zuciya ya kayar da shi. Ya nemi a fitar da shi daga asibiti a mai da shi cibiyarsa, ya rasu a can ranar 21 ga Nuwamba, yana da shekara 82. Aka ƙone gawarsa a lambun cibiyar bisa al'adarsu.

Hasken da ya gano yana da aibi ɗaya babba, wato rauni. A zamaninsa sai a bar farantin hoto sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin layukan su fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu nazarin sinadarai da yawa sun watsar da hanyar sun koma wata mai sauƙi. Ƙirƙirar hasken leza a 1960 ta farfaɗo da ita, Raman ya ga wannan da idonsa. Amma ko da leza, sai abu yana da yawa ake iya gane shi. In ɗigon guba ne a cikin randar ruwa, hanyar ba ta jinsa.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa aka sami mafita, ita ma kusan bisa tsautsayi. A 1974 a Jami'ar Sawutamton ta Ingila, Martin Fleischmann da Patrick Hendra da James McQuillan suka kausasa fuskar wani ɗan farantin azurfa da lantarki, suka bar wani sinadari mai suna firidin ya manne a kai, suka haska. Layukan Raman suka fito da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Su a zatonsu kaushin ne ya ƙara faɗin wurin, sinadari mai yawa ya sami wurin zama. A 1977 David Jeanmaire da Richard Van Duyne a Amurka, da kuma Grant Albrecht da Alan Creighton a Ingila, kowane ɓangare da kansa, suka yi lissafi suka ga faɗin ba zai iya bayyana abin ba, domin kowace ƙwaya tana ba da haske ninki kusan miliyan ɗaya. Shekara ɗaya bayan haka Martin Moskovits ya nuna inda sirrin yake. Wannan hanya ita masana ke kira SERS a taƙaice, wato hasken Raman da fuskar ƙarfe ta ƙarfafa.

Sirrin yana cikin ƙanƙantar ƙurajen da ke fuskar azurfar. Ana auna su da nanomita, wanda shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, silin gashin mutum kuwa ya kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. In gutsuren azurfa ko zinariya bai wuce nanomita 10 zuwa 100 ba, to da haske ya faɗa masa sai ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa su ɗauki rawa tare, kamar ruwa a ƙwarya in ana jijjiga ta, su tattara ƙarfin hasken a jikin gutsuren. Inda gutsure biyu suka kusa haɗuwa, da 'yar tazarar nanomita ɗaya ko biyu, nan ƙarfin ya fi taruwa. Ƙwayar sinadarin da ta faɗa wannan lungu tana samun ƙarin ƙarfi sau biyu, a hasken da ya shigo da kuma wanda ta mayar. Irin wannan rawar ce ke ba da launin ɗorawa a gilasan tagogin tsofaffin majami'un Turai, inda magina suka gasa azurfa cikin gilashi ba su san abin da ke faruwa ba. A 1997 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Shuming Nie da Steven Emory, da ta Katrin Kneipp, suka ba da rahoton karanta dangwalen ƙwayar sinadari guda ɗaya tak ta wannan hanya.

Tun daga nan aikin ya koma ga ƙera shimfiɗar da za a ɗora abin gwaji a kai. Wasu suna jera ƙananan turakun zinariya a kan silikon da irin injinan da ake yin kwakwalwar kwamfuta, wasu suna narka gutsattsarin azurfa kamar tawada su buga a takarda don ya yi araha. An gwada su wajen gano ragowar maganin ƙwari a bawon 'ya'yan itace, da sinadarin melamin irin wanda aka zuba a madarar jarirai a Sin a 2008, da rinin tsofaffin zane-zane da tufafi a gidajen tarihi, da alamun cututtuka a jini, har da na zazzaɓin cizon sauro. Babbar wahalar ita ce daidaito. Lungunan nan masu ƙarfi ba sa fitowa iri ɗaya a kowace shimfiɗa, sai a gwada abu ɗaya sau biyu a sami ƙarfi dabam-dabam, shi ya sa yawancin waɗannan gwaje-gwaje sun fi yawa a ɗakunan bincike fiye da asibitoci da kasuwanni. Na'urar NAFDAC ba ta bukatar wannan ƙari, domin ƙwayar magani cike take da sinadari, hasken Raman na asali ya ishe ta. Motar bincike Perseverance da Amurka ta saukar a duniyar Mas a 2021 ita ma ta tafi da na'urorin Raman don karanta duwatsu.

Tun 1987 Indiya take bikin ranar kimiyya ta ƙasa kowace 28 ga Fabrairu, don tunawa da ranar da sabon layin ya bayyana. Ƙungiyar da ta buɗe wa Raman ƙofa ta tashi daga titin Bowbazar a farkon shekarun 1950 ta koma unguwar Jadavpur, inda aka kafa allon tunawa da binciken a 1998. Tsohon wurin, mai lamba 210, ya zama kwalejin kasuwanci ta Goenka, inda ake koyar da aikin akawu.